Allurar da Ta Ƙi Tsayawa: Lacca Kan Salfaid da Wutar Lantarki

 

Abin da zan yi magana a kansa yau, a cikin ɗan ƙaramin ƙoƙon gilashi ake ganinsa. A narkar da sodiyam salfaid a ruwa, a tsoma ɗan faifan ƙarfen filatinam a ciki, a tsoma wani ƙarfen a gefe don da'irar ta cika, sannan a umarci na'ura ta riƙa tura wutar lantarki daidai gwargwado, kada ta ƙara, kada ta rage. Komai a tsaye yake: ruwan ɗaya, zafin ɗaya, kwararar wutar ɗaya. Hankali zai ce to ma'aunin bolt shi ma ya nemi wuri guda ya zauna. Amma a wasu yanayoyi sai ya ƙi. Allurar ta hau a hankali, ta hau, ta kai wani matsayi, sai ta faɗo farat ɗaya, ta sake kama hawa. Haka za ta yi ta yi, kowane zagaye kusan tsawon ɗan'uwansa, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. In ka kafa ido a kan faifan kuwa, za ka ga hasken fuskarsa yana dusashewa, wani dafi-dafi ruwan ɗorawa yana lulluɓe shi, can kuma ya washe ya koma sheƙi. Ruwan da ke kewaye da shi, wanda da farko garau yake, sannu a hankali ya rine ya koma rawaya.

Ɗalibin da ya fara cin karo da wannan yakan ɗauka waya ce ta saki, ko na'urar ce ta samu matsala. Ni kuwa abin da na zo in faɗa shi ne lafiyar na'urar ƙalau. Wannan hawa da sauka labari ne faifan yake bayarwa game da abin da ke faruwa a fuskarsa, kuma duk mai son ya yi amfani da lantarki wajen raba ruwa da gubar salfaid, dole ya iya karanta labarin.

Bari mu fara da gubar, don a san dalilin da ya sa ake wahalar da kai. Salfaid ɗan gidan farar wuta ne, wato farar wutar da ta karɓi ilektiron biyu. A ruwa mai kaifin kanwa yakan zauna a narke, bai cika tashi ba. Da zarar tsami ya shiga ruwan, sai ya rikiɗe ya zama iskar haidurojin salfaid, H2S, mai warin baragurbin ƙwai. Hancin ɗan Adam yana jin warin nan tun bai kai kashi 1 cikin miliyan na iska ba. Haɗarin shi ne, idan ya kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka iskar ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. Daga kashi 700 zuwa 1000 kuwa, numfashi kaɗan ya isa ya kayar da ƙato. Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka rami take bi ta kwanta: salga, sokawe, tsohuwar rijiyar da ruɓa ta taru a cikinta. Kusan kowa a nan ya taɓa jin labarin mai yasa da ya shiga rami bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya tafi. A watan Disambar 2003, rijiyar iskar gas ta ɓalle a gundumar Kaixian ta yankin Chongqing a ƙasar Sin, wannan iska ta bi ƙauyuka da dare, mutum 243 suka rasu.

Ɗanyen man Nijeriya ba shi da farar wuta da yawa, wannan na cikin abin da ya sa ake rububinsa a kasuwar duniya. Mu a nan arewa, inda salfaid ya fi shafarmu shi ne jima. Masana'antun fata na zamani, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, kamar takwarorinsu na ko'ina a duniya, da sodiyam salfaid da farar ƙasa ake tuge gashin fata. Ruwan da ke fita daga wannan mataki yana da kaifi sosai, ma'auninsa na pH yana wajen 12, kuma cike yake da salfaid. A matakan gaba kuma ana amfani da ruwa mai asid. Ranar da ruwayen biyu suka haɗu a magudana ɗaya, iskar nan ce za ta tashi. Duk wanda ya san aikin fata ya san wannan.

To yaya ake yi da shi? A matatun mai da na gas, hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista a 1883, aka inganta ta daga baya: a ƙona kashi ɗaya cikin uku na iskar, a haɗa abin da ya fito da ragowar, a samu farar wuta da ruwa. Mafi yawan farar wutar da ake sayarwa a duniya yau ta wajen tace mai da gas take fitowa. A masana'antun fata kuwa, akan hura iska cikin ruwan tare da gishirin manganis. Duka suna aiki. Amma lantarki yana da wani alkawari da ke jan hankalin masana. A faifan da ke ƙwace ilektiron, wanda ake kira anod, salfaid zai ba da ilektiron biyu ya koma farar wuta, kayan sayarwa. A ɗaya faifan kuma iskar haidurojin za ta fito, makamashi mai tsabta. A lissafi, fasa ruwa don a samu haidurojin yana bukatar aƙalla bolt 1.23, fasa haidurojin salfaid kuwa bai kai bolt 0.2 ba. Ka kawar da guba, ka samu kaya biyu, da ɗan ƙaramin kuɗin wuta. A hanyar Claus, haidurojin ɗin ruwa yake komawa, an yi asararsa.

Me ya hana a yi ta yi ke nan? Farar wutar kanta. Tana cikin abubuwan da suka fi komai hana lantarki wucewa, kuma ba ta narkewa a ruwa. A inda aka haife ta, nan take zama, wato a fuskar faifan. Ƙwayoyinta sukan haɗu takwas-takwas su yi zobe, su shimfiɗu, su rufe wurin da sabon salfaid zai zo ya sauke ilektiron. Aikin da faifan yake yi shi ne yake toshe shi. Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce faifai ya mutu, a tashi. Abin sha'awar shi ne rufin ba ya dawwama, domin akwai hanyoyin da ke kwashe shi.

Hanya ta farko, salfaid ɗin da ke cikin ruwa yana cin farar wuta. Yakan fasa zoben nan, ya ja ƙwayoyin su zama sarƙa mai guda biyu, uku, huɗu ko biyar, wadda ake kira folisalfaid, ita kuwa tana narkewa. Ita ce ke rina ruwan ya koma rawaya. Hanya ta biyu, idan turin lantarki, wato bolt ɗin da allura ke nunawa, ya yi sama sosai, farar wutar da ke manne tana ƙara ba da ilektiron, ta haɗu da oksijin ta zama gishirin da ke narkewa, har zuwa salfet, wanda daga salfaid zuwa gare shi ilektiron takwas ne. Idan turin ya ƙara hawa, ruwan kansa ya fara fashewa, kumfar oksijin ta tashi daga fuskar faifan, ta ɓamɓare abin da ya rage, ta kuma dama ruwan da ke kusa, sabon salfaid ya samu isowa.

Yanzu ku haɗa su, ku bi zagayen a hankali, don nan ne zuciyar maganar. Mun ce wa na'ura kwarara kaza muke so, ko ta halin ƙaƙa. Faifai yana fes, aiki yana tafiya da sauƙi, turi kaɗan ya wadatar. Farar wuta ta fara taruwa, filin aiki ya ragu. Tunda na'ura ba za ta rage kwarara ba, dole ta ƙara turi don ta cusa adadin nan ta ɗan filin da ya saura. A lokaci guda salfaid ɗin da ke dab da faifan yana ƙarewa, domin ana cinye shi fiye da yadda yake isowa daga nesa, kuma kaifin ruwan wurin yana raguwa, tunda aikin yana cinye sinadarin da ke ba ruwa kaifi. Wannan ma yana taimaka wa farar wuta ta daɗa zama. Turi ya ci gaba da hawa, har ya taka matsayin da masu kwashewa ke farkawa. Rufi ya yaye, sabon salfaid ya kwararo, ya lashe saura, fili ya buɗe. Turin da ake bukata ya faɗo ƙasa nan take. A can ƙasa kuwa masu kwashewar sun koma barci, mai shimfiɗawa ne kaɗai a farke. Sai a koma farko.

Kun san kwatar unguwa da damina. Ruwa yana zuwa daidai wa daida, shara ta taru a maƙura ta tare shi, ruwa ya yi ta taruwa a baya yana hawa, har nauyinsa ya fi ƙarfin sharar, ya ɓalle da ita gaba ɗaya, ya sauka, sannan sabuwar shara ta fara taruwa. Ruwan da ke shigowa bai canja ba ko kaɗan, amma tsayinsa a bayan maƙurar hawa yake da sauka. Ruwan shi ne kwararar lantarki, tsayinsa shi ne bolt, sharar ita ce farar wuta.

Ana iya juya gwajin. A riƙe turi wuri guda, a saka abin da ke ɗan tauye wuta a cikin da'irar, sai a ga kwararar ce ke hawa da sauka.

Wannan al'amari ba sabo ba ne. A 1828 Gustav Fechner, Bajamushen da daga baya ya yi suna a nazarin yadda gaɓoɓin ji da gani ke aiki, ya ba da rahoton wutar da ke kai-komo a lokacin da ƙarfe ke cikin ruwa mai asid da gishirin azurfa. Shi ake ɗauka rahoto na farko na irin wannan a fagen lantarki da sinadarai. Wajen 1900 Wilhelm Ostwald ya ga ƙarfen kuromiyam yana narkewa a asid yana tsayawa, yana narkewa yana tsayawa. A shekarun farko na ƙarni na ashirin kuma, masana a Jamus suka ga hawa da saukar a ruwan salfaid da folisalfaid kansa, suka danganta shi da shimfiɗuwa da yayewar farar wuta. Bayan nan Ralph Lillie a Amurka ya nuna cewa wayar ƙarfe a cikin asid tana iya ɗaukar saƙo daga wannan baki zuwa wancan kamar yadda jijiya ke yi.

Duk da haka, an daɗe ana kallon abin a matsayin abin al'ajabi na gefe, har ma da zargin ƙazanta ce a cikin kayan gwaji. Labarin Boris Belousov ya ishe mu. A farkon shekarun 1950, a Tarayyar Sobiyet, ya haɗa wani ruwa da ke sauya launi yana komawa, sau da yawa a jere. Ya aika da sakamakon, mujallu suka ƙi bugawa, bisa hujjar cewa hakan ba zai yiwu ba. Sai a 1959 ya samu ya cusa ɗan taƙaitaccen bayani a wani kundin da ba kowa ke karantawa ba. Anatol Zhabotinsky, yana ɗalibi, ya ɗauki aikin a farkon shekarun 1960 ya faɗaɗa shi. A 1980 aka ba su Lambar Lenin tare da wasu abokan aiki, shekara goma bayan rasuwar Belousov. Wannan labari yana sosa mini rai duk sanda na tuna shi, domin mutumin ya ga gaskiya da idonsa, ya rubuta ta yadda kowa zai iya maimaitawa, aka ƙi ko gwadawa.

Hujjar masu ƙin ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Doka ta biyu ta ilmin zafi da makamashi ta ce abin da aka bari shi kaɗai gangara yake yi zuwa daidaito, ba ya isa can ya riƙa lilo a kansa. Abin da suka kasa lura da shi shi ne lilon ba a wurin daidaito yake faruwa ba, a kan hanya ne, can nesa da shi. Tafiyar gaba ɗaya gangara ce, 'yan tsakiya ne ke yawaita su ragu. A ƙoƙonmu ma abin ya fi sauƙin fahimta, tunda na'ura tana zuba makamashi ba fasawa. Ka cire wuta, allura ta kwanta. Ilya Prigogine ya samu kyautar Nobel a 1977 kan nazarin abubuwan da ke nesa da daidaito, Gerhard Ertl na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin ya samu tasa a 2007 kan sinadaran fuskar ƙarafa, kuma cikin shahararrun ayyukansa akwai hawa da saukar ƙonewar iskar kabon monoksaid a kan filatinam.

Ga ɗaliban kimiyya da ke cikinmu, bari in ɗan shiga ciki. Dokar da Georg Ohm ya buga a 1827 ta ce in ka ƙara turi, kwarara ta ƙaru. Amma a fuskar faifan da wani abu ke rufewa, akwai zangon da in ka ƙara turi kwarara raguwa take yi. Wannan zango mai tafiya a baibai shi ne tushen rashin zaman. Ɗan kuskure kaɗan a wurin ba ya gyaruwa, ƙaruwa yake yi da sauri. Sai dai shi kaɗai ba ya haifar da lilo, iyakarsa ya jefa faifan ko can ko nan. Sai an samu abu na biyu mai jan ƙafa, kamar kaurin rufi ko yawan salfaid a bakin faifai, wanda ke zuwa a makare ya maido da al'amari baya. Mai sauri yana turawa, mai nawa yana dawowa da shi, kuma jinkirin da ke tsakaninsu shi ne tsawon zagayen. Marc Koper na ƙasar Holan da Katharina Krischer ta Jamus suna cikin waɗanda suka rarrabe ire-iren wannan a shekarun 1990: akwai inda zangon baibai yake a fili, akwai inda wani aikin ya lulluɓe shi, sai an girgiza faifan da 'yar wuta mai kai-komo a sauri daban-daban kafin a gano shi. Salfaid a kan filatinam yana nuna duka biyun, gwargwadon inda turi yake, domin ban da farar wuta, a turi mai yawa filatinam ɗin kansa yana yin tsatsar oksijin da ke rage masa kuzari. Wannan ne ya sa masu nazarin fannin suke ƙaunarsa.

A shekarun 2000, Aicheng Chen da Brad Miller a Jami'ar Lakehead da ke Thunder Bay a Kanada, garin da aka sani da masana'antar takarda, wadda ita ma da sodiyam salfaid take dafa itace, sun yi nazarin lamarin a kan filatinam da kuma faifan titaniyam mai rufin oksaid na iridiyam da tantalam. Sun bambanta lilon da shimfiɗuwa da yayewar farar wuta ke haifarwa da wanda fitar oksijin ke shiga cikinsa. A Jami'ar Ma'adinai da Fasaha ta Sin da ke Xuzhou kuma, ƙungiyar Qingyu Gao ta kafa kyamara a kan faifan. A aikin da suka buga a 2011 tare da Irving Epstein na Amurka da Hamilton Varela na Brazil, an ga ashe fuskar ba a tare take rufewa da buɗewa ba. Wani gefe yana washewa, wani yana dusashewa. Igiyoyi suna ratsa faifan daga baki zuwa baki, wasu suna murɗawa suna juyawa, wasu suna yin zane-zane masu lanƙwasa. Lamba ɗayar da ma'auni ke nunawa jimilla ce kawai ta abubuwa da yawa da ke gudana a wurare daban-daban. Irin waɗannan igiyoyi masu juyawa an san su a ruwan Belousov, an kuma san su a tsokar zuciya idan bugunta ya rikice. Kayan sun bambanta, lissafin ya yi kama.

Wani zai ce, to malam, wannan duk ƙawa ce, ina amfaninta ga mai masana'anta? Ga ra'ayina. Injiniyan da zai gina tankin tace ruwa ba ya son lilo, domin duk lokacin da turi ya yi tsalle sama, wuta ce ake ƙonawa a banza wajen fitar da oksijin ko yin salfet, maimakon farar wutar da ake nema, kuma faifan yana saurin lalacewa. Dole ya san iyakar da lilon ke farawa don ya zauna ƙasa da ita. Amma lilon da kansa ya nuna masa maganin. Tunda salfaid yana cin farar wuta, to a bar shi da yawa a ruwan, a ƙara kaifi, a ɗumama, a motsa ruwan da kyau, a tsaya a matakin folisalfaid mai narkewa, sannan a fitar da farar wutar a wani tanki dabam, nesa da faifai. Tunda ɗaga turi na ɗan lokaci yana wanke fuska, to mutum na iya tsara wankin da kansa, ya riƙa ba da wutar a gutsure ko ya riƙa juya ta lokaci-lokaci. Tsawon zagaye da yadda yake sauyawa da zafi ko yawan sinadari kuwa, ma'auni ne na saurin matakan da ido ba ya gani, wanda allurar da ke tsaye cik ba za ta taɓa faɗa maka ba. Masu ƙera batirin litiyam da farar wuta ma da waɗannan biyun suke fama, rufin da ke hana wuta wucewa da folisalfaid mai narkewa ya yi yawo.

Saura wani gargaɗi. Duk abin da na bayyana an fi saninsa ne a ruwa mai tsabta da faifai mai tsada. Ruwan majema ba haka yake ba: akwai narkakken gashi, da kitse, da farar ƙasa, da gishirin da aka adana fata da shi. Kitse da furotin za su manne a faifai su yi nasu rufin. Farar ƙasa za ta daskare a faifan da haidurojin ke fita. Gishiri, in turi ya hau, zai ba da kulorin, wanda shi ma yana cin salfaid a cikin ruwa, ya sauya zagayen baki ɗaya. Filatinam kuma ba abin da za a shimfiɗa a tanki ba ne, sai dai gawayin girafait ko titaniyam mai rufi. Nan ne nake ganin sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu suke da abin yi na gaske, domin ruwan yana kusa da mu, kuma gwajin farko bai fi ƙarfinmu ba: na'urar riƙe kwarara ƙarama, sandunan girafait, da kwamfutar da za ta riƙa rubuta bolt kowace daƙiƙa. A fara da ruwa mai tsabta har a ga lilon, sannan a riƙa ƙara ruwan masana'anta kaɗan-kaɗan, ana duban inda zagayen ya tsawaita, inda ya rikice, da inda ya ɗauke.

Wanda zai yi wannan, don Allah ya yi shi a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ya tabbata ruwan yana da kaifi koyaushe, kada asid ya kusanci teburin, kada kuma a zuba ragowar a magudanar ɗakin gwaji. Kada ɗalibi ya yi shi shi kaɗai, kuma kada a dogara da hanci.